Motar Daji a Hannun Masu Birni

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da wani sanata ya yi wa 'yan jarida a watan Oktoba na 2023 wadda bai kamata mu bari ta bi iska ba, ko da yake ƙurar da ta tayar ta daɗe da lafawa. A lokacin nan ne jaridu suka ruwaito cewa za a saya wa kowane ɗan majalisar tarayya, watau wakilai 360 da sanatoci 109, babbar motar nan ƙirar Toyota da muke kira jif, aka kuma ce kuɗin kowace guda ya kai wajen Naira miliyan 160. Jama'a suka yi ca a kan zancen. Sai Sanata Sunday Karimi, shugaban kwamitin kula da hidimomin Majalisar Dattawa, ya fito ya kare abin, kuma daga cikin hujjojin da ya kawo har da cewa hanyoyin Nijeriya sun lalace, saboda haka dole ɗan majalisa ya sami motar da za ta jimre musu.

Tsakani da Allah bai yi ƙarya ba, hanyoyin sun lalace. Amma a bakin wa aka ji wannan kuka? A bakin mutanen da ke zama kowace shekara su zartar da kasafin kuɗin ƙasa, su ne kuma tsarin mulki ya ɗora wa nauyin bin diddigin yadda ma'aikatar ayyuka ta kashe abin da aka ba ta. Kamar mai gadi ne ya zo ya ce wa maigida a saya masa ƙofar ƙarfe a ɗakinsa, domin ɓarayi sun yi yawa a gidan da yake gadi. To, tun da sun ce motar suke bukata saboda hanya, sai mu ɗauke su a kan maganarsu, mu kwance motar nan gaɓa gaɓa, mu ga abin da aka ƙera kowane sashe nata dominsa, da kuma wanda ya cancanci ya hau ta.

Motar da muka saba gani, ƙafafunta biyu kaɗai injin yake juyawa, ko na gaba ko na baya, sauran biyun bin sahu suke yi. Muddin akwai kwalta wannan ya isa. Amma ranar da ƙafafun nan biyu suka faɗa taɓo ko rairayi, sai su yi ta wulwulawa suna tona wa kansu rami, fasinja su sauko su naɗe ƙafar wando. Ita kuwa jif, bayan akwatin giya an ƙara mata wani akwati na biyu, wanda ke raba ƙarfin injin gida biyu, rabi ya tafi gaba, rabi ya tafi baya, ƙafafu huɗu su ja tare. A cikin akwatin nan na biyu akwai kuma ƙaramar giya ta musamman, wadda ke rage gudun motar ta ninka ƙarfin ja, a Land Cruiser kusan ninki biyu da rabi. Da ita ne mota ke hawa gangaren kwazazzabo a hankali kamar raƙumi da kaya, ta kuma sauka ba tare da direba ya ƙona birki ba.

Sa'an nan ga wata dabara da ta fi wannan ban sha'awa. Tsakanin ƙafar dama da ta hagu akwai wani tulun ƙarfe mai haƙora a ciki, aikinsa shi ne ya bar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya saurin juyawa lokacin shan kwana, domin ta waje tafiyarta ta fi nisa. Abin kirki ne a kan kwalta, amma a daji yana da mugun hali: in ƙafa ɗaya ta rasa abin kamawa, ko ta ɗaga sama a bakin rami, sai ita ta yi ta juyawa a banza, wadda ke kan ƙasa mai tauri kuwa ta tsaya cik. Don haka aka yi wa jif ta sosai makulli, wanda in direba ya sa shi, ƙafafun biyu sai su zama kamar an haɗa su da sanda ɗaya, dole su juya tare. Daɗin daɗawa, an ɗora jikinta a kan shasi mai siffar tsani, na ƙarfe mai kauri, don ya sha murɗa bai tsage ba. An ɗaga cikinta daga ƙasa wajen santimita 23, alhali ƙaramar mota da ƙyar take wuce 15. Tana iya ratsa ruwan da zurfinsa ya kai santimita 70. Wasu kuma akan jawo musu bututun shaƙar iska har saman rufi, don kada injin ya sha ruwa a mashigi ko ya shaƙi ƙurar da tayoyi ke tayarwa.

Ku dubi waɗannan abubuwa da kyau. Kowane ɗaya daga cikinsu amsa ce ga rashin wani abu. Ƙaramar giya amsa ce ga tudun da ba a sassaƙe ba. Makullin ƙafafu amsa ce ga fadamar da ba a cike ba. Bututun iska amsa ce ga rafin da ba a yi wa gada ba. Motar nan duka-dukanta an ƙera ta ne domin mutumin da aiki ya tilasta masa ya je inda hanya ba ta kai ba.

Tarihinta ma haka ya nuna. Kakarta ita ce Jeep ta sojan Amurka, wadda aka fara ƙerawa da yawa a 1941, daga sunanta ne kuma muka sami kalmar jif. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani injiniya na kamfanin Rover a Ingila, Maurice Wilks, yana amfani da tsohuwar Jeep a gonarsa, sai ya ga ya kamata manoman ƙasarsa su sami irinta. Aka fito da Land Rover a bikin nunin motoci na Amsterdam a 1948. Da yake ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙi, da alminiyam aka yi jikinta, kuma ana iya sa mata wani sanda mai juyawa wanda manomi zai haɗa da injin yankan itace ko na sussuka. Rabinta mota, rabinta tarakta. Toyota ta bi sahu a 1951, ta raɗa wa tata suna Land Cruiser a 1954. Ko Range Rover, wadda yau ta zama tutar masu kuɗi, ranar da ta fito a 1970 kujerunta na roba ne, daɓenta ma na roba, don manomi ya iya wanke ta da ruwan mesa in ya dawo daga garke.

Dattawanmu sun san ta a wannan matsayi. A ƙauye in an ji ƙugin Land Rover an san ma'aikaci ne ya zo: ko malamin gona, ko malamin asibiti, ko mai awon ƙasa, ko malamin dabbobi. Babban yaƙin da aka ƙaddamar da cutar bushiya a 1962, wanda ya haɗa Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, bin makiyaya aka yi har mashayarsu ana yi wa shanu allura, kuma ba a kan kwalta aka same su ba. Ban ce zamanin nan na adalci ne ba, don motar da ta kawo mai allura ita ce ta kawo Di'o da mai karɓar jangali. Amma dai ko azzalumin wancan lokaci sai ya shiga daji kafin ya hau motar daji.

Har yanzu kuwa akwai inda take aikinta na asali. Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara yi a 1984, ba a daina ƙera ta ba, kuma ita ce dokin ƙungiyoyin agaji da na likitoci a duk faɗin Sahel. Wadda aka fi kawowa Afirka injin dizal ne da ita, mai lita 4.2, ba kwamfuta a cikinsa, bakanike na bakin kasuwa yana iya kwance shi ya mayar. Direbobin Agadas da ke keta Sahara da a-kori-kura sun san sirrin da manyanmu ba su sani ba: in za ka shiga rairayi sai ka rage iskar taya, ta baje ta yi faɗi kamar tafin raƙumi. A 1987 sojojin Cadi a cikin a-kori-kurar Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka sa wa yaƙin sunan motar. Ba sai na faɗa muku ba cewa irin motocin nan ne 'yan Boko Haram suka riƙa ɗora wa bindiga a Borno. Mota ba ta san mai gaskiya ba, wanda ya riƙe sitiyari take bi.

Yanzu sai mu juyo mu dubi wadda ke kwana a Maitama da Asokoro, da irin ƙarin da ake yi mata, don a nan ne asiri ke tonuwa.

Tun daga kamfani ta zo da kujerun fata masu sanyaya bayan mai zama, da ɗan firji tsakanin kujeru, da talabijin a bayan kowace kujera. Samfurin 300 da ya fito a 2021 yana da na'urar da ke tafiyar da motar da kanta a kan duwatsu, tana sarrafa mai da birki, direba sitiyari kaɗai zai riƙe. Ina so a nuna mini ɗan majalisa guda da ya taɓa danna maɓallin nan. Ina so a nuna mini direban Ranka-ya-daɗe da ya sa ƙaramar giya tsakanin Majalisa da filin jirgin sama. Kuɗin talakawa aka sa aka sayi dabarun hawan dutse, aka ajiye su suna tsatsa a ƙarƙashin rumfa.

Sa'an nan sai a kai ta wurin masu ƙawa. Abu na farko, a cire tayoyin da ta zo da su masu kaurin gefe, a sa manyan ƙafafu masu ƙyalli da siririyar taya, wadda ba a rage wa iska, wadda kuma dutse ɗaya ya isa ya fasa. Watau an kashe kuɗi an rage mata iya shiga dajin da aka ce don shi aka saye ta. Abu na biyu, a baƙanta gilashi, alhali tun 1991 akwai dokar da ta hana haka sai da izini, izinin da kowa ya san wa ke samu da sauƙi. Na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki, kuma ban san wani abin da ya fi wannan bayyana dangantakar mai mulki da talaka a ƙasar nan ba. Na uku, a ɗaura mata shingen ƙarfe a goshi. A dajin Ostareliya aka yi wannan abu don kare lagireto in mota ta yi karo da dabba, nesa da gari. A cikin birni kuwa abin da yake karo da shi ɗan acaba ne da yarinya mai talla, kuma ƙarfen ba ya lanƙwasa ya sha bugu kamar yadda gaban mota ke yi, jikin mutum ne ke sha. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 ta taƙaita irin wanda za a sayar. Mu a nan ado ne.

Ƙarshen ƙari shi ne sulke. A kwance motar, a jera mata farantan ƙarfe a ƙofofi da daɓe, a sa gilashi mai kaurin da harsashin bindigar soja ba ya fasawa, a sa wa tayoyi zoben da za su ci gaba da gudu ko an harbe su. Motar da dama nauyinta ya kai tan biyu da rabi, sai a ƙara mata ɗaruruwan kilo. Dole a sake mata birki da sifirin, man da take sha ya ƙaru, tsayawarta ta ƙara nisa, kuma da yake doguwa ce mai nauyi a sama, saurin kifewarta a kwana ya fi na ƙaramar mota. Sai a haɗa irinta biyar ko goma, a sa a-kori-kurar 'yan sanda gaba da baya, a kunna jiniya, a take mai.

Mu 'yan jami'a mun san abin da ayari irin wannan yake yi, don mun yi jana'izarsa. Ranar 12 ga Nuwamba 2013, Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, yana kan hanyarsa ta zuwa Kano taron da zai duba batun yajin aiki, wata mota daga ayarin gwamnan Kogi ta buge motar da yake ciki kusa da Lakwaja, ya rasu. Shi mutum ne sananne, shi ya sa aka ji. Waɗanda ba su da suna fa?

Masu kare wannan al'ada suna da hujjoji, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Sukan ce jif ta fi ƙarko, saye ɗaya ya isa shekara huɗu. To, wace ƙasa ce ke sayen mota mai iya shekara ashirin tana aiki, sa'an nan ta sake sayen sabuwa duk bayan zaɓe? Ina ta 2015, ina ta 2019? Sukan ce ɗan majalisa yana bukatarta don zuwa mazaɓarsa da duba ayyuka. Wannan ma ba wuya: a sayi kaɗan a ajiye a ma'adanar motocin Majalisa, wanda zai tafi rangadi ya sa hannu ya ɗauka, ya dawo ya rubuta inda ya je da abin da ya gani. Haka ake yi wa malamin gona, in har an ba shi. Sukan ce mutunci, wai ofis yana da kwarjininsa. A shekarun 1970 an buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, gwamnatin Obasanjo ta soja kuma ta mai da 504 motar manyan ma'aikata, har da na ƙoli. Ba mu ji an ce ƙasar ta rushe ba, kuma kuɗin yana biyan albashin leburorin Kakuri. Yau akwai masu harhaɗa motoci a cikin gida, har da Innoson na Nnewi, akwai kuma umurnin shugaban ƙasa na 2017 da ya ce hukumomi su fifita kayan gida wajen saye. Majalisa ta tsallake duka ta nufi Japan.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, don kuwa an harbe Janar Murtala a cikin cunkoson motocin Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976 ba sulke ba ayari, kuma masu garkuwa da mutane sun mai da hanyar Abuja zuwa Kaduna abin tsoro shekara da shekaru. Na yarda shugaban ƙasa da 'yan ƙalilan suna bukatar kariya ta musamman. Amma in mutum ɗari biyar, da ministoci, da gwamnoni, da kwamishinoni, da matansu, duk sun shiga sulke, wa ya rage a waje da zai matsa a gyara? Hausawa suka ce jiki magayi. Ramin hanya yana da amfani guda ɗaya tak: yana buga ƙugun mai kuɗi kamar yadda yake buga na matalauci, ya tuna masa cewa akwai aikin da ba a yi ba. Jif ta raba su da wannan. Sifirin ya shanye ramin, na'urar sanyi ta shanye zafi da ƙura, baƙin gilashi ya shanye idon jama'a, jiniya ta shanye cunkoso, sulke ya shanye tsoro. Mutumin da aka yi wa haka, ko da zuciyarsa ta kirki ce, ta ina labarin hanya zai iso masa? An bayar da kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano a ƙarshen 2017. A lokacin da ake rabon motocin nan a 2023, ɓangaren Abuja zuwa Kaduna bai kammala ba.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da an koya mana. A 2023 mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne a wata. Ma'aikacin da ke karɓar wannan, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi shekara 444 kafin ya tara kuɗin jif guda. Da aka ɗaga albashin zuwa 70,000 a 2024, shekarun suka ragu zuwa 190. Na 'yan majalisar wakilai kaɗai, in an ninka 160 sau 360, ya kama Naira biliyan 57 da miliyan 600. Kuma duk wannan ya faru ne wata biyar bayan an janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka ce wa talaka ya ɗaure ciki, ɗalibai kuwa jami'o'i da dama suka ninka musu kuɗin rajista.

Ga kuma lissafin da ya fi wannan ciwo. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya baki ɗaya. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne jinkirin isa asibiti. Duk wanda ya fito daga ƙauye a cikinmu ya san yadda abin yake a watan Agusta: naƙuda ta yi tsanani da dare, rafi ya kawo, sai amalanke ko babur, mace tana zubar da jini a tsakanin mutum biyu. A nan ne ake bukatar ƙaramar giya. A nan ne makullin ƙafafu da bututun iska za su raba rai da mutuwa. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, motocin Majalisa kuwa 469. Da samfurin 70 aka saya mai gadon marar lafiya a baya, wanda bai kai kuɗin na alfarma ba, da fiye da rabin ƙananan hukumomi sun sami motar asibiti mai shiga ko'ina. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi: da sunan lalacewar hanyar ƙauye aka sayi motar, mutanen ƙauye kuwa sai dai su gan ta lokacin yaƙin neman zaɓe.

Kada kuma mu yi ta nuna yatsa waje mu manta da gida. Nawa ne a cikinmu burinsu na gama karatu bai wuce su koma unguwa cikin baƙar jif a gan su ba? Shugabannin ɗalibai nawa ne suka fara da ɗaga hannu a bakin ƙofar jami'a suka ƙare da karɓar makullin mota a gidan gwamnati? Ciwon ya shige mu tun ba mu riƙe komai ba.

Ku kuma matasan ma'aikata, ba Ranka-ya-daɗe ne ke rubuta takardar neman sayen mota ba, ku ne kuke rubutawa, shi hannu kawai yake sawa. Akwai layin da ake bayyana irin motar da ake bukata da dalilinta. In an ce ku rubuta mai jan ƙafa huɗu, ku tambaya a rubuce wace hanyar burji za ta bi, sau nawa a wata, wane ma'aikaci ne zai shiga. In an ce kujerar fata da talabijin, ku ware kuɗinsu a layi dabam, don mai binciken kuɗi ya gan su tsirara. Ku nemi a buɗe littafin tafiye-tafiye ga kowace mota, a kuma rubuta sunan ma'aikata da lambarta ɓaro-ɓaro a jikin ƙofa kamar yadda ake yi a da, don wadda aka gani a gidan biki a san ta wa ce. Ƙungiyar ɗalibai kuwa tana da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 a hannunta, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Mu rubuta wa ma'aikatar lafiya da gidan gwamnati na jiharmu takarda guda: motoci masu jan ƙafa huɗu nawa aka saya a shekara biyar da suka wuce, nawa ne ke ɗaukar marasa lafiya, nawa ne ke ɗaukar manya. Amsar da ta zo mu buga ta a fitowa ta gaba, in kuma ba ta zo ba mu buga ranar da muka kai takardar da sunan ofishin da ya karɓa.